Gargaɗi: Mai Jinya Na Gab da Faɗuwa a Gidajenmu

Mutanen Lambara, ku saurara. Na Kajiji da Dandin Mahe da Jaredi, da ku nake. Na Sifawa da Dingyaɗi da cikin garin Boɗinga, ku ma ku matso kusa. In akwai mara lafiya kwance a gidanku, wannan magana taku ce, kuma ta yau ce.

Ku dubi mai jinyar. Ku dube ta da kyau. Yaushe rabonta da barcin dare cikakke? Yaushe rabonta da cin tuwo da zafinsa? Yaushe rabonta da taka ƙofar gidan iyayenta? Yaushe aka auna jininta? In kun kasa amsawa, to ku sani gidanku na gab da samun majinyaci na biyu.

Kowa ya san yadda muke yi. A yi sallama, a shiga ɗaki, a ce, "Ya mai jiki?" A amsa, "Da sauƙi." A yi addu'a, a ajiye lemo ko ɗari biyar a gefen katifa, a fita. An sauke haƙƙin dubiya. Amma wadda ta amsa da "da sauƙi" fa? Wa ya tambayi nata jikin? Wa ya lura idonta ya faɗa? Wa ya ga zanenta ya fara yi mata yawa? In ma wani ya yi kuskuren tambaya, amsarta ɗaya ce: "Lahiya lau nike, ba komi." Kada ku yarda. Akwai komi.

Ku zo mu leƙa dare ɗaya a ɗakin da tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bayan isha'i za ta jingine shi da filo, ta ba shi kunu cokali-cokali, tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara, don kada ya shaƙe. Ta ba shi magani. Ta shafe masa jiki. Ta kwanta a tabarma kusa da gado. Kafin barci ya yi nisa, lokacin juya shi ya yi, domin ma'aikatan asibiti sun ce duk bayan awa biyu a sauya masa kwanciya, in ba haka ba bayansa zai ɓare. Ta tashi, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu, ta juya mutumin da ya fi ta nauyi, ita kaɗai. Tsakar dare ya jiƙa shimfiɗa. Ta kunna tocilan waya, ta cire leda, ta sauya zane, ta wanke shi. In watan Afrilu ne, zafi ya haura maki 40 da rana, ɗaki bai huce ba har asuba, sai ta zauna da mafici a hannu. Kiran sallar farko ya same ta idonta biyu. Gari na wayewa ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga wutar koko, ga yara masu zuwa makaranta, ga akuya na kuka. Wannan dare ɗaya ke nan. Ku lissafa wata shida. Ku lissafa shekara uku.

Wane jiki ne zai ɗauka? Wace zuciya ce za ta jure?

Kuma ba gidan mai shanyewar jiki kaɗai ba. Akwai uwar yaro mai sikila, wadda ba ta san daren da ciwon ƙashi zai tashi ba, kullum kunnenta a buɗe. Akwai mai kula da tsohuwar da ta rikice, wadda ke buɗe ƙyaure da tsakar dare ta ce za ta gidan mahaifinta da ya rasu tun tuni. Akwai matar mai ciwon suga da ƙafarsa ta yi gyambo. Akwai uwar saurayi mai taɓin hankali. Akwai wadda ta bi ɗiyarta Sakkwato aikin yoyon fitsari a asibitin Maryam Abacha, ko ta kai yaro asibitin Noma, ko take zaman jiran wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk wanda ya taɓa zaman asibiti a ƙasar nan ya sani, ɗan'uwa ne ke sayo magani, shi ke neman mai ba da jini, shi ke kawo abinci, shi ke kwana a tabarma a baranda ko gindin dogonyaro, sauro na ta aikinsa. Ana sallamar mara lafiya, a dawo gida, jinya ta ɗora daga inda ta tsaya. Hutu bai shigo lissafi ba.

Alamun sun riga sun bayyana a gidajenmu. Ku duba za ku gani. Ciwon kai da ba ya sauka. Jiri in ta miƙe. Ciwon baya da ƙugu. Ta samu damar kwanciya amma barci ya ƙi zuwa. Ta aza tukunya ta manta har ta ƙone. Ta tsaya da ƙwayar magani a tafin hannu tana tambayar kanta: na ba shi na safe ko ban ba shi ba? Macen da aka sani da fara'a ta koma faɗa, abu kaɗan ta daki yaro. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa Islamiyya, ta daina kitso. Ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska, ta fito. In kun ga biyu ko uku daga cikin waɗannan, me kuke jira? Sai ta faɗi a bakin murhu?

Kada ku ce halinta ne ya sauya. Kada ku ce an yi mata asiri. Kada ku ce ta gaji da mijinta ko da surukarta, ku fara gulma a zaure. Gajiya ce ta taru ta yi mata yawa. Rijiya ma in ana ɗiba dare da rana ba a bari ta taru, guga zai fara fitowa da taɓo.

Ga abin da jinkiri ke jawowa, kuma mara lafiyar da kuke tausayi shi ne na farko da zai ɗanɗana. Mai jinyar da ba ta yi barci ba za ta ninka magani ko ta tsallake shi. In na suga ne aka ninka, suga zai faɗi, mutum ya sume. In na hawan jini ne aka tsallake kwanaki, shanyewa ta biyu na iya zuwa. In barci ya sace ta ba a juya shi ba, gyambon kwanciya zai buɗe a ƙugu da duga-dugai, kuma gyambon nan kan ci nama har ƙashi, ya sa ƙwayar cuta ta shiga jini. In ta ba shi kunu cikin gaggawa yana kwance, zai wuce huhu, ciwon huhu ya biyo baya. In hannunta ya saki wurin ɗaga shi, ya faɗi, ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa da sauƙi. Akwai kuma wanda ba a son faɗi. Mai jinyar da ta kai maƙura takan daka tsawa. Takan fizge hannu. Wani lokaci har mari. Daga baya ta zauna tana kukan nadama. Ba muguwa ba ce. Ku ne kuka bar ta ita kaɗai har ta kai nan.

Ita kanta fa? Jininta na hawa ba ta sani ba, domin hawan jini ba ya sallama. In tana da ciki, ɗaga babban mutum da rashin barci haɗari ne gare ta da abin da ke cikinta. In tana shayarwa, jaririn ma ya shiga layin wahala. Sai a ɗauko yarinya 'yar shekara sha biyu a cire ta daga makaranta, wai ta taya Inna. Zango ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, karatu ya tafi ke nan. Aure ya fara tsami. Sana'ar ƙuli-ƙuli ko fura da ke kawo na cefane ta mutu. Ciwon mutum ɗaya ya cinye gida.

Sannan ga wani rami da ake faɗawa a ɓoye. Don ta iya tashi, sai ta aika kemis a sayo mata maganin ciwon jiki, ta sha safe da yamma, wata da watanni. Irin waɗannan ƙwayoyin, in aka daɗe ana sha, suna ƙona ciki, suna lalata ƙoda. Wata ta koma maganin barci. Wata a ba ta tiramadol, a ce yana sa ƙarfi. Kun manta abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018? Kun manta har matan aure ya kama a Arewa? Da yawa ba da niyyar shaye-shaye ake farawa ba. Da neman sauƙi ake farawa. Ku duba ƙarƙashin filo. Ku duba cikin kwalla. In kun ga fakitin magani sun taru, kada ku yi faɗa. Ku kai ta ta ga ma'aikacin lafiya.

Kada wani ya ce wannan surutun marubuci ne. A 1999 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, Richard Schulz da Scott Beach, sun fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffi masu jinyar mazajensu ko matansu. Cikin shekara huɗu, waɗanda jinya ta takura musu haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin ɗari. A Amurka fa ke nan, inda famfo ke zuba, wuta ba ta ɗaukewa. To ina ga mai jan guga? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa a 2018 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da jinya da ba a biya, mata ne ke yin sa. Mu a nan ba ma buƙatar a lissafa mana. Mu leƙa ɗakunanmu kawai. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba ta zama ranar tunawa da masu wannan aiki. A Jafan, tun shekarar 2000 akwai inshorar kula da tsofaffi, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar tsoho na 'yan kwanaki don iyalinsa su numfasa. Mu ba mu da irin wannan gida a Lambara. Abin da muke da shi dangi ne. To ina dangin?

A nan gizo ke saƙa. Da, gida cike yake. Gandu ɗaya, tukunya ɗaya, ga gwaggo, ga kishiyoyi, ga matan ƙanne. Yanzu fa? Kaka na wucewa samari sun kama hanyar cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja. Masu albashi suna Sakkwato. Da damina kowa na gona, da rani kowa na fadama wurin albasa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya sa mai zuwa duk mako ya koma zuwa duk wata, mai zuwa duk wata ya koma waya. Sai a bugo a ce, "Ya jikin Baba? Na turo dubu biyar." Madalla da dubu biyar. Amma dubu biyar ba ta juya Baba da ƙarfe biyun dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, muna faɗa a bakin kasuwa, amma mun bar wa hannu ɗaya.

Ga abin da za ku yi. Ku ba mai jinya kwana biyu ko uku, ta bar gidan. Na ce ta bar gidan. Hutun cikin gida ba hutu ba ne, domin tana jin tarinsa za ta miƙe, ana neman cokali za a kira ta. Ba otal ake nufi ba, ba kuɗi masu yawa ba. Muna da abinmu tun kaka da kakanni: ganin gida. Ta tafi wurin mahaifiyarta. Ta tafi gidan yayarta a Yabo, ko ƙanwarta a Sifawa, ko aminiyarta a Shagari. Kuɗin mota da ɗan abin tsaraba kawai. Ta fita da hantsi, ta isa da rana, kada a yi tafiyar dare, kun san halin da hanyoyi ke ciki. Can ta yi barci har rana ta fito ba wanda ya tashe ta. A dafa a ba ta. A yi mata kitso da lalle. Ta zauna a inuwa ta yi hira da ba ta shafi magani ba. Ku kuma da kuka karɓi gidan, kada ku riƙa kiran ta kowace awa. Sau ɗaya da yamma ya isa, a ce mata komai lafiya.

Kuma kada ya zama sau ɗaya a shekara. Ku sa shi a tsari. Wuni ɗaya duk mako, kwana biyu ko uku duk wata. Ku zauna, 'ya'ya da ƙanne da surukai, ku raba kwana kamar yadda kowa ya san ana rabawa. Ku rubuta a takarda ku manna a bango, ko ku sa a zauren WhatsApp na iyali. Wanda ke nesa ba zai iya zuwa ba, ya biya kuɗin motar mai zuwa, ko ya biya mai wanki da mai kawo ruwa. Ba wanda za a ɗauke wa.

Kafin ta tafi, mai karɓa ya zo ya kwana ɗaya tare da ita. Ya ga yadda ake ɗaga mara lafiya ba a ja hannun da ya shanye ba. Ya ga kaurin kunun da yake iya haɗiya. Ya koyi wace ƙwaya ce ta safe, wacce ta dare. A ware su a leda daban-daban, a yi wa kowace alama, da boko ko da ajami. A rubuta lambar ma'aikacin lafiyar da ya san ciwon, da lambar mai motar da za a iya tasa da dare. In an yi haka, ba abin da zai lalace cikin kwana uku. Abin da zai lalata komai shi ne ranar da za ta faɗi ba shiri, ba wanda ya san ko maganin safe.

Maza, da ku nake yanzu. Wa ya ce jinya aikin mata ne kaɗai? Mahaifinka ne kwance. Wa ya fi cancanta ya kai shi makewayi, ya yi masa wanka, kai ko matarka? Ka tambayi kanka wanne ya fi masa sutura. Kun san Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba. Me ya tsayar da shi? Jinyar matarsa Ruƙayya, ɗiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da umarninsa ya tsaya, kuma aka ba shi lada da rabo irin na wanda ya je. Namiji ne, babban sahabi ne, ya zauna jinya. To kai wane ne da za ka ce girmanka ya wuce wanke shimfiɗar mahaifinka? Karɓi dare biyu a mako. Ka ji abin da take ji. Na tabbata bayan dare na biyu, da kanka za ka nemo mata kuɗin mota.

Ke kuma mai jinya, Inna, Gwaggo, Yaya, ƙanwata, saurara. Na san abin da za ki ce. "In na tahi, wa ka duba shi? Mi mutane za su ce?" Mutanen nan da kike tsoron bakinsu, ina suke da ƙarfe ukun dare? In kika kwanta, za su zo su ce miki sannu, su ajiye lemo, su tafi. Na san kina neman lada, kuma Allah ya ba ki. Amma ki tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya tarar da ɗan'uwansa ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya manta da kansa da iyalinsa. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. Da magana ta je gaban Annabi, sai ya gaskata Salman. In ibada ma an ce a sassauta don jiki, ina ga jinya? Haƙuri bai hana neman taimako ba. Buɗe baki ki faɗa. Ki kira babban ɗanki ki ce, "Wane, na gaji, ka zo ranar Juma'a." Kada ki yi kwana-kwana. Ki ambaci rana.

Ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna miki jini a wannan makon. Minti biyar ne. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, ki bi abin da ma'aikacin lafiya ya ce. In kika ji bakinki ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ba lokacin jiƙo da shafe-shafe ba ne. A sa ki a mota nan take.

Akwai alama ɗaya da ba a jira da ita ko kwana ɗaya. In mai jinya ta fara cewa, "Da ma in mutu in huta," ko "Da ma Allah ya ɗauke mu gaba ɗaya," kada ku ce ta yi saɓo ku rufe ta da wa'azi. Kada ku yi dariya. Kada ku bar ta ita kaɗai a daren nan. Ku karɓi jinyar a take. Ku ɗauke maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. Ku kai ta ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware a cikin jiharmu yake, kuma ba sai wanda ke jifa a titi ake kaiwa can ba. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Doka ta sauya. Saura mu daina jin kunya.

Malamai da limamai, ku ɗauki wannan a huɗuba. Kun sha yi mana bayanin falalar dubiya. Ku ƙara da nauyin da ke kan dangi na karɓar mai jinya. Masu unguwanni, kun san kowane gida da ke da kwantacce, ku aika a tambaya mutum nawa ke kwana da shi. Matan Islamiyya da na adashi, ku ware mutum biyu duk mako, ɗaya ta yi wanki, ɗaya ta zauna da mara lafiya daga azahar zuwa la'asar, mai jinya ta samu ta rintsa. A ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, mata suna taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye don junansu, wannan ba baƙon aiki ba ne.

Kada ku ce sai bayan girbi. Kada ku ce sai bayan salla. Kada ku ce sai ya ɗan samu sauƙi, domin wasu cututtukan shekaru suke ɗauka, kun sani. Ka ajiye wannan takarda ka ɗauki waya. Kira yayanka. Kira ƙanwarka. Ku tsayar da ranar da za ta tafi, da sunan wanda zai kwana a ɗakin, da wanda zai biya kuɗin mota. Ku gama wannan kafin sallar isha'in yau.